Buhu Na Biyu

Litinin, 3 ga Yuli, 2023

Sati bakwai ke nan da na gama jami'a na dawo gida. Ba a kira mu bautar ƙasa ba, ba kuma wanda ya san yaushe. Yau da hantsi na hau tudun bayan firamare, inda sabis yake kamawa, sai ga saƙon Dakta Asama'u, malamar da ta duba aikina na shekarar ƙarshe. Mujalla ta karɓi takardar bincikenmu kan kaucin ɗorawa, tsiron nan da ke fitowa a jikin reshenta, da ciwon suga. Sunana ne na uku: S. Badaru. Ta ce in karanta, in na ga kuskure in faɗa kafin 4 ga Agusta.

Sau huɗu na karanta a tsaye, har cajin wayar ya ƙare.

Wannan ce takardarta ta arba'in da biyu. Sauran arba'in da ɗayan duk na karanta su, ashirin da tara kan suga, ragowar kan maƙoƙo. Tun ina aji uku nake son in ga sunana a ƙasan nata. Ta ce da wannan takardar za ta tsaya mini in an buɗe ɗaukar masu digiri na biyu.

Laraba, 5 ga Yuli

Na yi wa Baba bayani. Ɓeraye talatin muka ba kaucin, kwana ashirin da ɗaya, sugansu ya sauka. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "To, ɓerayen birni sun warke, saura mu." Can kuma ya rage murya, wai ko ya ajiye ƙwayar sugan da yake sha ta asibiti, tunda ta yi tsada haka. Na ce a'a Baba, a kan ɓera aka gwada, ba a kan mutum ba. Ya ce to. Ban yarda da wannan to ɗin ba. Na duba kwalin, ya sha ta safe.

Lahadi, 9 ga Yuli

Kewar ɗakin gwaji nake yi. Ƙugin firij. Sikelin nan mai lamba huɗu bayan ɗigo, wanda ko numfashi ka yi kusa da shi sai ya motsa. Farar rigata tana ƙasan akwati, na ɗauko na sake ninke ta ba dalili.

Juma'a, 14 ga Yuli

Gero ya kai gwiwa. Mota ɗaya ta wuce Shanono yau, ita ma rabinta ba fasinja. Tunda mai ya tashi hanya ta yi shiru.

Alhamis, 20 ga Yuli

Bari in rubuta yadda aka yi, a jere.

Kawu Sabo, ƙanin mahaifiyata, ya biyo daga gona ya zauna shan fura. Shi ya ciro mini kaucin da na yi aikin da shi. Baba ya ba shi labarin takarda. Ya goge baki ya ce, "Ikon Allah. Ashe na tsamiyar ma ya yi aiki."

Na ce wace tsamiya?

Buhun farko, a Disamba, ina tsaye a gindin ɗorawar gonar Alhaji Nababa ya hau ya ciro. Da na shanya ya bushe na daka, giram 640. Bai isa ba. A Fabrairu, lokacin da takardun kuɗi suka yi wuya, ban samu na mota ba, sai na aiko masa ya ƙaro ya ba direba. Wannan shi ne buhu na biyu, giram 410.

Kawu ya ce, "Ke 'yar boko, wa yake hawa ɗorawar mutane tana fure? In na karkaɗe furen, kalwar bana ni zan biya? Na ciro miki na tsamiyar bakin rijiya. Na kuwa gaya wa direba." Direba bai gaya mini ba. Ni ma ban tambaya ba.

Baba ya ce, "Kauci ai ba ɗaya ba ne. Na ɗorawa daban, na tsamiya daban, tsofaffinmu ba sa haɗa su a tukunya."

Ni na haɗa su. Ranar 9 ga Maris, a kwalba ɗaya, giram 1,050. Da hannuna na rubuta ɗorawa a jikin kwalbar.

Asabar, 22 ga Yuli

Na duba takardun Dakta. A ta goma sha bakwai ita da kanta ta rubuta cewa sinadarin kauci yana bin bishiyar da ya fito a kanta. Shafi na uku. Na ja masa layi tun bara.

Talata, 25 ga Yuli

Kashi 39 cikin ɗari na tsamiya ne. Na lissafa sau uku, ko zai ragu.

Ba wanda ya sani sai ni da Kawu da Baba, su kuma ba su ɗauke shi komai ba. Garin kaucin ya ƙare, kwalbar an wanke. In na yi shiru, a Agusta takarda za ta fito, in koma in zauna a kujerata ta kusa da taga.

Na rubuta wa Dakta saƙo a kan tudu. Na goge.

Asabar, 29 ga Yuli

Malam Iliyasu, maƙwabcinmu mai suga, ya yi sallama da wata 'yar tukunya a hannu. Baba ya faɗa a masallaci cewa 'yarsa ta tabbatar da kaucin ɗorawa a rubuce. Wai cokali nawa zai sa, 'yar Malam, safe da yamma ne ko sau ɗaya? Ƙafarsa ta hagu a naɗe da tsumma. Na ce kada ya bar maganinsa, kuma ya kai ƙafar nan asibiti. Ya ce, "Ke da kika rubuta kike jin tsoro?"

Takardar ba ta ma fito ba tukuna.

Talata, 1 ga Agusta

Na tura wa Dakta saƙon. Ƙarfe 10:12. Ranaku, nauyi, sunan bishiya, da cewa ni ce ban tambaya ba. Ban sa sunan direba ba.

Laraba, 2 ga Agusta

Shiru. Sau uku na hau tudu.

Alhamis, 3 ga Agusta

Dakta ta kira. Minti shida.

"Sakinatu, kin san wata nawa na yi ina bin takardar nan?" Na ce na sani, Malama. Ta ce ta rubuta wa mujalla ta janye. Maganar digiri na biyu kuma, a bar ta tukuna, ba ta da abin da za ta nuna a kaina yanzu. Na ce to. Na ji tana buɗe takardu. Sai ta ce, "Tsamiya kika ce? Ba wanda ya taɓa gwada mini su a rabe." Daga nan sabis ya ɗauke, ko ita ta kashe, ban sani ba.

Na sauko ta bayan gonaki don kada in haɗu da kowa.

Baba ya dube ni ya ce, "An fasa?" Na ce an fasa. Ya ce shi zai je ya gaya wa Malam Iliyasu da bakinsa, tunda shi ya fara.

Asabar, 12 ga Agusta

Ba ta sake kira ba.

Kawu Sabo ya hau bishiyoyi biyu yau, ɗorawa da tsamiya, ina tsaye a ƙasa duka biyun. Na nemi izinin Alhaji Nababa da kaina. Kawu yana sama yana tsokanata: "Duba da kyau, Dakta, kada ta rikiɗe ta zama kuka." Na ari sikelin mai sayar da taki, ba ya nuna ƙasa da giram goma, na rubuta hakan ma. Tabarma biyu a zaure, ta kaucin ɗorawa gabas, ta na tsamiya yamma, kowace da takardarta a ƙarƙashin dutse. Farar rigar na sa don ƙaiƙayin ganye kawai.

Ba wai wani abu nake shiryawa ba. Ba wanda ya ce in yi.

Sai da aka kira la'asar na tuna ban hau tudu ba yau.