Ki Koya Mini Halin Zuciyarki

Ya ke sanyin idaniyata, inuwar da na samu da rana tsaka, ruwan farko da ya sauka a busasshiyar gonata! Aminci ya tabbata gare ki, ke da marasa lafiya ke kira Sannu-Sannu.

Kin ce in je in yi tunani. Na je, na yi, sai ga ni da tulin tambayoyi.

Kin tuna lokacin da nake jinyar Baba a asibitinku? Wani hantsi kina canja masa ledar ƙarin ruwa, sai kika tsaya cak, kika ɗora yatsu biyu a wuya, jijiyar wurin na karkarwa kamar ganye a iska. Kika fita baranda kika zauna, kika zaro sirinji marar allura kina ta hurawa har kumatunki suka cika. Ni kuwa gogan naki na zaci wasa kike! Wata nas ta miƙo kwanon ruwan ƙanƙara, kika tsoma fuska, kika share, kika dawo kika ƙarasa aikinki, har kina tsokanar Baba wai ya ɓoye magani ƙarƙashin matashi.

Sai shekaranjiya, da na ce zan turo magabatana, kika sunkuyar da kai kika ce zuciyarki kan zabura ba sallama, kuma wanda ya riga ni neman ki, da ya ji haka, ko waiwaye bai yi ba.

To, faɗa mini, farin watana, yaya abin yake? A ƙirji yake farawa ko a maƙogwaro? Kina jin zuwansa kamar yadda ake jin ƙamshin hadari, ko dirar mikiya yake yi? Shi ya raba ki da shan kofi, ya haɗa ki da gorar ruwan nan da kike yawo da ita? Me ke cikin hura sirinji da har zuciya ke ladabtuwa? Na sayi ɗaya na gwada, jiri ya kwashe ni, ƙanwata ta yi dariya har da hawaye. Kuma ke da kike yini kina auna bugun zuciyar jama'a, in taki ta taso kina kan hanya ke kaɗai, wa kike kira? Wannan tambayar ce ke ci mini rai!

Ba zan ce zan warkar da ke ba. Wannan na Allah ne da likitanki. Amma ki bar ni in raka ki ranar ganin sa, in zauna in saurara kamar ɗalibi, in san ƙwayar safe, in san alamar da ke cewa a garzaya asibiti. Wanda ya tsere, ai furen ya gani bai tsaya sanin itacen ba.

Kawu ya riga ya ba da wankin babbar rigarsa, kullum sai ya tambaye ni. Don Allah ki ce magabatan nawa su zo.

Naki, ran lafiya da ran ciwo, har ƙarshen numfashi,
Ɗan tsohon nan mai ɓoye magani.