Wankin Ƙafa a Gidan Yari

Escuintla, watan Fabrairu

Zuwa ga Yayata Aracely,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara. Yaya sanyin Xela, yaya kuma ciwon bayan nan naki? Mu lafiya lau, sai zafi. Yarana Dulce da Marlon suna gaishe ki.

Yaya, gyara zama ki sha dariya. Baudilio ya shiga makaranta. Mijin nawa dai, wanda ya shekara da shekaru yana jibgata da bayan adda, shi ne a gidan yari aka sa shi a wani aji wai na gyaran halin maza masu dukan iyali. Suna zagaye kan kujerun roba, kowa ya faɗi abin da ke ba shi haushi, sai a koya musu jan numfashi. Numfashi fa, Yaya! Ashe shi ne abin da bawan Allah ya rasa, ni kuwa ina ta zaton mugunta ce.

Malamar tasu, wata Madam Ingrid, ta tako har rumfata a kasuwa da takalminta mai tsini, tana ta kore hayaƙi da hannu. Ta ce Baudilio ne zakaran ajin, shi ke fara fashewa da kuka. Na ce mata ai kuka bai taɓa yi masa wuya ba, duk ranar da ya fasa min baki, da hawayensa nake karyawa da safe. Ta yi murmushin nan na masu digiri, ta ce ta fahimci raɗaɗina. Gurasar masarar da na miƙa mata ma da yatsa biyu ta riƙe.

Ga abin da ya hana ni sakat. Duk wanda ya gama ajin, alƙali yana iya rage masa zaman kaso, kuma a watan Mayu za a duba batunsa. In ya fito, ƙofata zai fara nufa. Kina kotu ranar da ya rantse sai ya ga bayana.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Floridalma

Escuintla, bayan Ista

Yaya Aracely,

Ina gaisuwa. Da fatan kun yi Ista lafiya. Zumar da kika aiko ta iso, na gode, yara sun kusa lashe kwalbar.

Na je gidan yarin, kada ki zage ni tukuna. Madam Ingrid ce ta ce ranar Alhamis ta makon Ista za a yi bikin yaye su, wakilin alƙali zai zo, kuma za a ba matan dama su yi magana. Na ce to, in bakina ne zai hana a sake shi, da rarrafe ma zan je.

Na tarar sun ƙawata tsakar gidan da shimfiɗar nan ta garin katako mai launi-launi, irin wadda ake yi a titi don jerin gwanon coci, har da zanen kurciya. Aka zaunar da mu mata goma sha biyu a jere, aka ce mu cire takalma. Wai kamar yadda Fada, limamin coci, ke wanke ƙafafun mutane a ranar, haka kowane miji zai durƙusa ya wanke na matarsa. Dabarar Madam ce, sai wani ɗaga kai take. Mai hoto na gefe. Ta kusa da ni, wata 'yar siririya mai karyayyen haƙori, ta raɗa min cewa, “'Yar'uwa, yau mu ne almajiran Yesu ke nan, saura a gicciye mu.” Na danne dariya.

Sai ga gogan da kwano da tawul. Ya yi ƙiba, Yaya, gidan yari ya karɓe shi. Ya durƙusa, hawaye shaɓe-shaɓe, yana cewa da ƙarfi, “Flori, sarauniyata, ki yafe wa wannan jakin.” Uwarsa daga baya tana ta “Amin, amin.” Ya tsoma ƙafata ta hagu cikin ruwan sabulu, wadda ya karya har aka sa min ƙarfe. A ƙarƙashin kumfa ya lalubo wurin ɗinkin da babban yatsansa, ya danna. Ya danna har na ji shi a tsakiyar kaina. Ya sunkuya kamar zai sumbaci ƙafar, ya ce a hankali, “Saura ƙiris, Flori.”

Ban san lokacin da na yi fatali da kwanon ba. Ruwa ya wanke masa fuska, ya jiƙe takalmin Madam, ya kwashe kurciyar gaba ɗaya. Kin san abin da ɗan banzan ya yi? Ya rufe ido, ya ɗora hannu a ƙirji, ya ja dogon numfashi. Sai tafi raf-raf-raf! Har wakilin alƙali.

Na ja Madam gefe na faɗa mata. Ta leƙa ƙafar ba ta ga shaida ba, ta ce wani lokaci jiki kan tuna tsohon ciwo da kansa. Maganar da aka ce za mu yi kuwa, wai lokaci ya ƙure, an kawo abinci.

Tsoro nake ji, Yaya. Ban ɓoye miki ba.

Taki,
Floridalma

Escuintla, watan Mayu

Yayata,

Ina fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, a tsaye nake rubutu.

Za a sake shi ƙarshen wata. Alƙali ya yaba da yadda ya haɗiye fushi a bainar jama'a duk da tsokanar da aka yi masa. Ni ce mai tsokanar. An hana shi matsowa kusa da gidana, kamar dai ya taɓa tsayawa neman izini kafin ya shigo. Madam Ingrid kuma, Allah ya saka mata, ta aiko cewa akwai ajin mata ranar Talata, ga waɗanda yafiya ke yi wa wuya. Ta ce ta ajiye min kujera.

Sai dai ta ba wata kujerar, ni kam na yi gaba. Na sayar da rumfa da murhu, na ce wa maƙwabta za mu babban birni neman aiki. Ranar Asabar za mu hawo motar safe, ki ce wa maigidanki ya tare mu a tasha. Kada ki faɗa wa kowa, har Inna. Ta ga hoton wankin ƙafar wurin uwarsa, tana ta cewa irin wannan tuba sai wanda Allah ya so.

Ki yi magana da shugabar makarantar unguwarku, a rubuta yaran da sunan gidanku. Tun jiya nake koya musu sabon sunan. Dulce ta riƙe. Marlon ne ke ta tambaya, wai tunda Baba ya gama zamansa, mu laifin me muka yi da za mu ɓuya. Na ce ya rufe min baki ya ɗaure kayansa.

Sai mun iso.

Ƙanwarki,
Floridalma

In wani ya tambaye ki wace ce baƙuwar, ki ce 'yar aiki ce kika ɗauko daga ƙauye, sunanta Marta.