Lambar da Ta Fito Daga Safa

4 ga Maris

Zuwa ga 'yata Kendra,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da gwaggonki Marlene, kuma tarin nan ya sake ta. Ni kalau nake, sai gwiwa da ba ta shiri da sanyi.

Littafin wasan da kika aiko ya iso hannuna, bayan ya yi sati biyu wurin masu duba saƙon gidan yari. Na yi murna ƙwarai. Shekara huɗu ban ga rubutunki ba, sai ga ki kina cewa mu yi wasan labari ta wasiƙa: ke ki ja labarin, ni in ɗauki mutum ɗaya a ciki, in riƙa rubuto miki abin da zai yi. Na yarda tun kafin in kai ƙarshen layin.

Sai dai wasan naki ya ɗaure mini kai. Wanda muke yi a nan kowace Asabar na san shi ciki da bai: ka tara ƙarfi, ka tara makamai, ka kashe dodo. A naki kuwa shafi uku kacal aka ba faɗa. Sau biyu na karanta ina neman inda aka ɓoye takubban. Tsoho Vasquez, wanda ke ja mana labari, ya leƙa ya ce, "Wannan ai ba wasa ba ne, ganin likita ne aka haɗa da 'ya'yan ludo."

'Ya'yan ludo kuwa an hana su a nan, wai caca. Don haka na yayyanka takarda, na rubuta ɗaya zuwa shida sau biyu, na zuba a safa biyu. In zaro ɗaya daga kowace, in haɗa. Littafin ya ce bakwai zuwa sama an yi nasara, ƙasa da haka an faɗi. Tunda ba kya kusa, ni zan riƙa zarowa in faɗa miki abin da ya fito.

Mutumina sunansa Harlan, mai kwalekwale ne. A takardarsa akwai gurbin da aka ce a rubuta sunan wanda ya taɓa saɓa wa alkawari. Na bar shi tukuna.

Ki gaishe mini da Marlene.

Babanki,
Odell

19 ga Yuni

Kendra 'yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya aikin gidan burodi, yaya tsayuwa? Ki sayi takalmi mai laushi, kada ki yi wa ƙafarki rowa.

Labarin nan naki ya kama ni. Garin da ruwa ya ci, da Ivy ƙanwar Harlan da ke jiransa a kan rufin coci, har Vasquez mai rainin wasan yanzu yana tambayata ko an ɗauko yarinyar. Kin ce ruwa na ƙaruwa, kuma ya yi ƙarfi a gindin gada. Harlan zai ratsa ta nan, babu lokacin zagaye. Na zaro: shida da biyar, sha ɗaya. Ya wuce ke nan.

Abu ɗaya ne har yanzu ya ƙi shiga kaina. A ƙasan takardar Harlan akwai akwatuna biyar, wai sai mutum ya faɗi ake cike ɗaya, idan sun cika ya ƙara ƙwarewa. Ina jin kuskuren masu bugawa ne. Wa ke ba da lada don an faɗi? A wasanmu wanda ya faɗi mutuwa yake yi, a miƙa masa sabuwar takarda. Nawa dai duka biyar ɗin fayau suke, kuma ina alfahari da haka.

Ina jiran abin da ke bayan gada.

Babanki mai ƙaunarki,
Odell

2 ga Agusta

Kendra,

Ina gaishe ki, ina fata lafiya ce ta sa shiru. Marlene ta ce lafiyarki lau, to na gode wa Allah, na kuma gane.

Sati huɗu ke nan da wasiƙarki ta ƙarshe, mai layi ɗaya: "Baba, zarowa tara, babu ko ɗaya ƙasa da goma. Safarka ba ta da ɗaya da biyu ne?"

Tana da su. Ban taɓa ƙirƙiro lamba ba, abin da na yi ta faɗa wa kaina ke nan. Amma idan ta fito ƙarama sai in ce hannuna ne ya zame, in mayar, in sake zarowa. Ranar gada sau huɗu na sake.

Da na gaya wa Vasquez, dariya ya fara yi. Ya ce, "Odell, yarinya ta aiko maka wasa, kai kuma ka mayar da shi zaman kotu." Ya karɓi littafin, wanda ashe ya haddace a ɓoye, ya buɗe mini shafi na talatin da ɗaya. Na sha karanta shafin, amma da idon tsohon wasa nake karanta shi. Shafin cewa ya yi idan mai wasa ya faɗi, ba mutuwa ba ce, mai jan labari ne zai faɗi abin da ya biyo baya. Wato duk faɗuwata damarki ce ta yin magana. Wata huɗu ina toshe miki baki, ina ganin gwaninta nake yi.

Dalilina ba wani babba ba ne. Ban so Harlan ya makara. Kina da shekara tara kika yi ta tsayuwa a ƙofar makaranta ina ce miki ina hanya, alhali ban ko tashi ba. Na so ko a takarda ne in iso da wuri sau ɗaya. Sai ga shi na sake yi miki abu iri ɗaya, kuma na ji kunya.

Na cike gurbin nan da na bari. Ivy na rubuta, tunda ita wasan ya sani.

Yau bayan abincin rana na ba Vasquez safa biyun ya riƙe. Na soke sha ɗaya, mun koma gindin gada. Na zaro sau ɗaya, a gabansa. Biyu da ɗaya. Uku. Vasquez ya sa hannu a ƙasan takardar nan don ki gani, ni kuma na cike akwatin farko.

Ban san abin da zai sami Harlan ba, ko Ivy. Wannan a hannunki yake yanzu. Idan kin ga dama ki rubuto mini. Idan ba ki ga dama ba, lambar dai uku ce.

Babanki,
Odell