Kun Ba Ni Ƙwaya, Kun Hana Ni Bayani

Zuwa ga Hajiya Shugabar Sashen Tazarar Haihuwa, a asibitin da nake awo a Jimeta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da ma'aikatanki. Hajiya, da ɓacin rai na rubuto, kuma a fili, don a fili aka wulaƙanta ni.

Ni ba 'yar Yola ba ce. Daga Madagali muka gudo da ƙafa shekarar da aka kore mu, muka samu ɗaki a unguwar Bako. Bara aka ciro mini ɗiyata ta tiyata, likita ya ja kunnena cewa kada in kuskura in sake ɗaukar ciki sai ɗinkin ya yi ƙwari. Maigidana da kansa ya sa ni a keke ya kawo ni wurinku.

Na farko, ta taga aka miƙo mini ƙwayoyin tazarar haihuwa, aka ce ɗaya kullum, mai bi mini ta matso. Ko tallar daddawa ake yi, ai an fi haka magana.

Na biyu, da na fara sha sai al'adata ta rikice. Jinin ya koma ɗigo-ɗigo, yau ya leƙo, gobe ya ɗauke, jibi ya dawo. Ga azumi ya kama. In yi wanka in ɗauki azumi, kafin la'asar in ga tabo, in rasa ko na yi ko ban yi ba. Sallah ma haka. Hajiya, ke musulma ce, kin san yadda zuciyar mace take idan ta rasa ko tana da tsarki.

Na uku, na dawo in tambaya. Na sassauta murya na kira nas ɗin da ke taga Adda, wato Yaya da Fulatanci, don girmamawa. Ita kuwa ta ɗaga murya gaban layi, wai ɗan wannan jinin ne zan tsayar mata da aiki, wai mu 'yan gudun hijira komai sai mun kawo kuka. Mata suka juyo suna kallona. Wallahi na ji kamar in nutse. Na koma gida na zuba sauran ƙwayoyin a masai, don na ga gara in tsira da azumina.

Yanzu ga ni da ciki, ɗiyata ko tafiya ba ta fara ba. Ranar awo, wata tsohuwar ungozoma a sashen da ke kusa da naku ta zaunar da ni, ta ce wannan ɗigon yakan faru a watannin farko, yawanci yakan daidaita, in ya ƙi kuma a canza wa mace wani maganin. Malamarmu ta Islamiyya ma ta ce akwai jinin da ba ya hana sallah. Haba Hajiya! Maganar da ba ta kai tsawon gaisuwa ba, ita kuka hana ni?

Roƙona shi ne a daina ba da ƙwaya ta taga. A shigar da mace ɗaki, a rufe ƙofa, a gaya mata abin da za ta gani a jikinta, da Hausa ko Fulatanci, musamman gab da azumi. Nas ɗin kuma ban ce a kore ta ba, ita ma tana da masu ci a hannunta. A dai gaya mata an sa mini ranar da za a sake yanka ni a kan ɗinkin da bai gama warkewa ba. Na tsallake bindiga a daji, Hajiya, amma yanzu ne nake yi wa maigidana wasiyyar wanda zai riƙe mini ɗiyata.

Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya ba ki ikon gyarawa. Ni ma ki sa ni a addu'a.

Wassalam.

Taki,
Maman Sadiya, Bako.