Kada ka karɓi baƙo ranar Juma'a

Baban Ziyad,

Na tafi Buji duba jikin Gwaggo Laraba, sai la'asar zan dawo in Allah ya so. Ban tashe ka ba, don tun da ka dawo daga masallaci barci ya kwashe ka a kan kujera, ko hula ba ka cire ba. Kokonka yana cikin fulas.

Baƙin da suka kama sashen waje sun tafi, waɗanda suka kawo 'yarsu jami'a. Makullin yana kan firji. Na jiƙa zannuwan gado, ka bar su sai na zo.

Sun yaba ƙwarai, sun ce ba su taɓa sauka inda aka kula da su haka ba. Amma a bakin mota matar ta riƙe hannuna ta ce, "Allah sarki, ke maigidanki a wani gari yake aiki?" Ta ga kullum ni kaɗai nake cin abinci a tsakar gida. Na yi dariya kawai. Jiya ma kana can baya kana fama da janareta saboda su.

Don Allah mutumin Garki da ke son ɗakin ranar Juma'a, ka ba shi haƙuri. Baƙi ba sa ƙarewa, jikinka kuwa ya gaji. Ni ma ina so ka zauna ka tambaye ni yadda na kwana, ba a tsaye ba.

Mahbuba