Na'urar da Ba Ta San Juma'a Ba

Kurudu, Abuja

Iya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki? Ya su Bilqis?

Kin ce ba kya gane aikina. Kin san yadda kike auna cin tuwonmu: wanda ya rage loma biyu ba kya kulawa, wanda ya ture kwano sai kin taɓa goshinsa. To haka manhajar da nake kula da ita a kamfaninmu na Idu take. Ta san yawan saƙonnin da ke bin layukanmu na sadarwa, da 'yar tangal-tangal ɗin da suka saba yi. In tangal-tangal ta ninka uku, sai ta buga wayoyinmu.

Wallahi Iya, abar nan ba ta san Juma'a ba! Ƙarfe ɗaya na yi ma'aikata su tafi masallaci, layi ya yi tsit, ita kuwa ta hau kururuwa. Na ce wa Oga Datti, shugabanmu, a koya mata gwada kowace Juma'a da Juma'o'in baya, ba da sauran ranaku ba, aikin kwana biyu ne. Ya ce ba lokaci. Da wayarsa ta dame shi ana huɗuba, a bakin famfon alwala ya tare ni, wai in mayar da ukun nan shida. Na ce shida ai kurma ce. Ya ce shi ne oga. Na mayar, raina a ɓace.

A sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Sadisu

Iya,

Bayan gaisuwa, ina fata ƙafar ta yi sauƙi. Ni kam lafiyar jiki ce kawai.

Juma'ar da ta wuce masu haƙa kwalbati suka tsinke layin sadarwar ɗakin sanyinmu, inda ake ajiye allurai. Ana cikin haka injin sanyin ya tsaya, saƙonsa bai iso ba, kurmar tawa ko uffan. Sai da la'asar aka ankara, allurai sun lalace.

Aka kira mu gaban manya. Oga Datti, ko kunya babu, ya ce bai tuna ya ce a taɓa komai ba. Na fusata, na ce a bincika, ai manhajar na rubuta duk wanda ya canja wani abu. Da hannuna na yi binciken, kowa na kallon allo. Layi ɗaya ya fito: uku zuwa shida, Sadisu. Famfon alwala kuwa ba ya rubutu.

Sun sallame ni, Iya. Na yi baƙin cikin da ban taɓa yi ba.

Jiya Perpetual, abokiyar aikina, ta kira ni. Wai Oga ya kawo shawarar a gwada Juma'a da Juma'a, har an yaba masa. Kwana biyu aka yi aka gama.

Na'ura dai ta san Juma'a yanzu. Ni ne ban san inda zan dosa ran Litinin ba. Kada ki faɗa wa Baba tukuna.

Ɗanki,
Sadisu