Hannun da Ba a Ƙirga Ba

Zuwa ga ƙanena Ilu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Hajara da yara. Yaya zaman Agadas? Ƙafar taka ta yi sauƙi? Mu nan lafiya lau, sai kewa.

Tun da aka rushe majalisar komin ɗinmu, ƙaramar hukumar tamu, na tashi daga konseye mai wakiltar jama'a, tabarmar ƙofar gidana ba mai zama sai ni. Ran Talata aka kira mu buro, ofishin komin, a kan burtalin nan na bayan gonarka, wanda muka kwana biyu muna gardama kafin mu kaɗa ƙuri'a a bar wa shanu hanya. Na sa babbar rigata na tafi. Wani ma'aikaci ya karanta takarda, wai za a matse burtalin. Ilu, ban san sa'adda hannuna ya tashi sama ba, yadda na saba. Ya ce, "Baba, sauke hannunka. Sanarwa ce, ba shawara ba."

A da, magajin gari bai isa ya taɓa taku ɗaya ba sai mun yarda. Arɗon Fulani da ke wurin ya dube ni, na sunkuyar da kai. Damina na tafe, kuma in shanu suka rasa hanya, gonarka za su bi.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida 'yan garinmu Sae Sabuwa da ke can. In ka samu hali ka kira ni, ko ba labari. Rabona da wanda zai yi gardama da ni har na manta.

Yayanka,
Abdu